Layukan da ke Cikin Gwangwani

A layin masu gyare-gyare, tsakanin tela da mai yanka makulli, akwai wani shago da faɗinsa bai wuce mutum ya ware hannuwansa biyu ba. A nan Baba Daidai ya shekara arba'in da ɗaya yana gyaran agogo. Sunan ba na yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Duk abin da ka nuna masa, agogo ne, ɗinkin riga ne, ko yadda ka ajiye takalminka a bakin ƙofa, sai ya karkatar da kai ya ce bai yi daidai ba. Mutumin kirki ne, amma zama da shi sai mai haƙuri.

Kayan aikinsa ba su da yawa: tebur mai aljihu shida, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, hantsaki, da ƙananan sukudirebobi jere bisa tsawonsu. Hanjin matattun agoguna kuma yana cikin kwalayen ashana, kowanne da rubutu a kai. Yana da wata ɗabi'a irin ta masu sana'ar. Duk agogon da ya gyara, kafin ya rufe sai ya ɗauki tsinken ƙarfe ya yi ɗan zane a cikin murfin baya, inda mai agogon ba zai taɓa leƙawa ba. Idan agogo ya dawo bayan shekaru, yana buɗewa zai karanta zanen, ya san wanda ya taɓa shi da lokacin da aka taɓa shi. Yakan ce wa tela babu abin da mutum zai yi wa ƙarfe a ɓoye wanda ƙarfen ba zai faɗa ba.

Abu biyu yake tinƙaho da su, hannunsa da harshensa. Na hannun kam babu mai musu. Na harshen kuwa, shi ne yake cewa ko ƙwayar wani abu aka jefa a cikin gahawa sai ya gane, kuma a duniya mutum ɗaya ne ya iya dafa ta, wato matarsa. Kullum ƙarfe bakwai saura minti ashirin take ajiye masa kofi ɗaya, baƙa ƙirin ba sukari, da yankan burodi biyu da dafaffen ƙwai. Garin gahawar yana cikin wani shuɗin gwangwani mai loɓa a gefe. Bai taɓa buɗe gwangwanin ba, bai kuma taɓa tambayar inda take sayowa ba. A ganinsa wannan sashenta ne, kamar yadda ita ma ba ta taɓa masa hantsaki.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce hannun ya taɓa yi masa gardama. Yatsunsa suka riƙa rawa da safe, likita ya ce ya bar gahawa. Baba Daidai ya dawo gida ya ce likitan yaro ne, bai san gahawa ba, shi kuwa gahawar ce ma take tsayar masa da hannu. Matar ta bar shi da maganarsa, dama ba mai jayayya ba ce. A hankali rawar ta tafi, shi kuma ya sami labarin da zai riƙa bayarwa. Tela ya ji labarin yadda aka kayar da likita ya fi sau ɗari, har yakan ƙarasa masa ƙarshensa ba tare da ya ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

A farkon wannan shekarar matar ta faɗi a kicin da safe, kofi a hannunta. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Idanu ne suka rage mata, da hannun hagu. 'Yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta ko da yake ita ma ta ajiye yara uku, ta dawo gidan da zama don jinya. Ita ta karɓi dafa gahawa daga shuɗin gwangwanin. Baban ya ce ruwan ya yi yawa, amma ya sha.

Bayan mako shida gwangwanin ya ƙare. Auta ta shiga babban kanti ta sayo gahawa mai kyau, wadda aka rubuta a jikin kwalinta cewa zalla ce. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce wannan ba gahawa ba ce, ɗaci ne kawai aka zuba a kwali. Ta sayo wata, ya ce gara ta jiya. A kwana na huɗu Auta, wadda ta wuni tana juya mahaifiyarta da wanke zannuwa, ta ce masa cikin ladabi gari cike yake da shagunan gahawa, kuma ƙafarsa lafiya lau take.

Haka ya fara yawon neman wurin karin kumallo yana da shekara sittin da bakwai. Ya tafi da agogonsa, domin har lokacin da gahawa take ɗauka a kan wuta sai ya auna. Wuri na farko duk gilashi ne, kusa da tasha, da wani inji mai huci. Aka miƙo masa gahawa a kofin takarda. Ya ce takarda ta ƙunshi ce, ba ta sha ba, aka dube shi kamar wanda ya ɓata hanya. A wuri na biyu burodin ya yi kyau, amma tukunyar tun asuba take kan wuta, gahawar ta tsufa kafin ta iso kofi. A na uku an zuba masa sukari ba a tambaye shi ba, da ya yi magana sai aka ce ai kaɗan ne. Akwai wani wurin ma da bai zauna ba, saboda ya ga da tsumma ɗaya ake goge tebur da cokali.

A cikin wannan yawon ne rawar ta dawo. Da fari a babban yatsa kawai take, daga baya ta kama sauran. Shi kuwa ya riga ya san dalili: gurɓatacciyar gahawa ce ake ɗura masa, ana haɗa ta da abin da Allah kaɗai ya sani. Abin da yake buƙata shi ne mai gaskiya, wanda ba ya algus.

Tela ya kwatanta masa wani mutum a bayan gidan waya, wanda yake gasa ƙwayar a gabanka, ya niƙa a gabanka, ya dafa kana kallo. Baba Daidai ya je ya tsaya a kansa tun daga buhu har kofi, bai ga abin kushewa ba. Ɗanɗanon dai ba irin na gida ba ne, amma aƙalla wannan gaskiya ce zalla. Ya ce a ƙara mata ƙarfi, aka ƙara. Ya sha kofi biyu don hannun ya tsaya da kyau.

A ranar yana da aikin wata tsohuwar malamar makaranta, ɗan ƙaramin agogon hannu da ta gada daga mahaifiyarta. A cikin irin wannan agogon akwai wata naɗaɗɗiyar waya siririya, wadda masu sana'ar ke kira gashi, ita ce take riƙe bugunsa. Ya kama ta da hantsaki kamar yadda ya kama dubbai kafin ita. Yatsan ya yi tsalle, gashin ya murɗe ya tsinke. Bai taɓa ɓata aikin mutum ba tun yana koyo.

Ya daɗe zaune, gilashin maƙale a idonsa. Daga baya ya bincika kwalayen ashana, ya sami gashi irin wannan guda ɗaya tak a cikin wani mataccen agogo. An daina yin irinsa tun da daɗewa, idan shi ma ya tsinke shi ke nan. Ya mayar da kwalin cikin aljihun tebur. Da malamar ta zo ya gaya mata gaskiya, ya nemi ta ba shi zuwa ƙarshen wata. Ta ce ta jira shekara talatin kafin ta kawo shi gyara, wata ɗaya ba komai ba ne.

Auta ta ga hannun a wajen cin abinci, cokali yana buga kwano. Ta ce ya isa haka, ya yi aiki ya gaji, ya rufe shagon ya zauna kusa da Mama. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma shi ji ya yi kamar an auna masa likkafani. Bai san me mutum yake yi da wuni ba idan babu tebur a gabansa.

"Ƙarshen wata," in ji shi. "In na kasa sa gashin nan, ni da kaina zan ba ki makullin."

Washegari ya ɗauki shuɗin gwangwanin ya sa a jaka, da nufin duk inda ya je ya ba su su shinshina, ko wani zai gane irin ƙwayar. Auta ta gan shi da shi, sai ta tuna cewa Asabar ta farko a kowane wata Mama takan hau bas da gwangwanin nan zuwa wani lungu a bayan kasuwar kayan gini. Ta taɓa raka ta sau biyu. Ta yi mamakin yadda bai sani ba. Shi ma ya ɗan yi mamaki, amma bai nuna ba.

Shagon yana ƙarshen lungun, ba shi da allo. Tebur huɗu ne a ciki, da kantar sayarwa, da wani labule da ya raba wajen zama da wajen aiki, wanda bai kai rufin ɗaki ba. Direbobi biyu suna cin burodi da ƙwai ba sa magana. A bango akwai agogo, kuma kafin Baba Daidai ya yi sallama ya riga ya ga yana latti da minti bakwai. Mai shagon mace ce da ta haura hamsin, gajera, da tabon ƙuna a wuyan hannu. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Ya ajiye gwangwanin a kan kanta. Ba ta buɗe ba, ba ta shinshina ba. Ta dube shi ta dubi loɓar da ke gefensa, sannan ta tambayi ina mai shi. Ya gaya mata a taƙaice. Yaya ta ɗauki tsumma ta goge kantar, wadda dama a goge take, ta daɗe tana gogewa. Ta ce Allah ya ba ta lafiya. Sannan ta ce ashe shi ne mijin nata mai gyaran agogo, ya zauna. Ta shige bayan labule da gwangwanin.

Kofin da ta kawo masa na tangaran ne mai kauri, tare da burodi yanka biyu da dafaffen ƙwai, alhali bai ce mata ga abin da yake ci ba. Ya kurɓa. Ita ce, ba ragi ba ƙari. Watanni biyu ke nan bai ji komai ya zauna a wurinsa ba sai wannan, kuma kewar matarsa ta kama shi a wurin, ko da yake da safen nan ya baro ta a gida. Ya ci ƙwan a hankali har ta lafa.

"Duk garin nan ke kaɗai ce ba kya algus," in ji shi da zai tafi.

Yaya ta ce a sauka lafiya, ta juya ga tukunyarta.

Daga nan kullum bakwai saura minti ashirin yana bakin ƙofarta, ko da yake agogonta yana cewa bai kai ba. Gwangwanin ya bar mata, da shi take dafa masa. Yana isa shago sai ya ɗauki hantsaki ya ɗora bakinsa a kan ɗigon da ke cikin rubutun jarida, ya ƙirga zuwa ashirin. Rana ta uku bakin yana kewaya ɗigon. Rana ta shida yana fita ya dawo. Rana ta tara ya zauna a kai kamar an kafa shi. Ya gaya wa tela cewa ga shi nan, maganarsa ce ta fito, gahawa ta gaskiya ita ce maganin hannu. Tela ya ce to, Allah ya ji ƙan likita karo na biyu. Duk da haka bai taɓa kwalin ashanan ba. Sau ɗaya ne za a gwada, yana jin tsoro.

Saura kwana uku wata ya ƙare ya tafi wajen Yaya da 'yar jakar kayan aiki. Minti bakwai ɗin nan sun hana shi sakewa, kuma ba shi da wata hanyar godiya da ta wuce wannan. Bai nemi izini ba, irinsa ba ya neman izini a kan agogo. Tana bayan labule ya jawo kujera ya hau. Yana miƙa hannu zai sauko da agogon sai ya ga ashe daga nan ana hango wajen aikin gaba ɗaya.

Gwangwanin yana buɗe a kan sikeli. Yaya ta buɗe wani buhu ta riƙa ɗibar wani gari mai launin ƙasa tana zubawa, tana leƙa ciki, har ya kusa cika. A jikin buhun an rubuta gasasshen sha'ir da manyan baƙaƙe, hatsi ke nan, ba gahawa ba. Sannan ta ɗebi niƙaƙƙiyar gahawa, abin da bai fi cikin tafin hannu biyu ba, ta ƙarasa cika shi. Ta rufe ta girgiza.

Baba Daidai ya sauko da agogon. Ya buɗe bayansa, ya share ƙura, ya matsa abin da ya kamata a matsa, ya saita shi da nasa, ya mayar bango. Sai da ya tabbatar ya rataye daidai sannan ya sauko. Ta fito da kofinsa ta same shi a tsaye.

"Har ke ma, Yaya?"

Ta dubi kujerar, ta dubi saman labulen, ta gane. Ta ajiye kofin a kan tebur ba tare da ya zube ba.

"Baba, ban ƙara ko cokali ɗaya a kan abin da aka ce in zuba ba."

Ta ba shi labarin a tsaye, ba ta yi masa ado ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce matarsa ta zo da gwangwanin nan ta ce likita ya hana mijinta gahawa, mijin kuma ba ya hanuwa. Suka zauna su biyu suka yi ta gwaji, har suka sami irin gasasshen sha'ir ɗin da ya fi kusa da ƙamshin. Shekarar farko ɗan kaɗan aka sa a ƙasa. Kowace shekara matar sai ta nuna da yatsa inda za a kai, Yaya kuma ta ja layi da ƙusa a cikin gwangwanin don kada a manta. Ba a taɓa ƙara abin da harshe zai kama ba.

"Ta ce in ka sani za ka yi fushi, in ba ka sani ba za ka yi aiki," in ji Yaya. "Ta ce in riƙe mata. Na riƙe."

Bai sha kofin ba. Ya karɓi gwangwaninsa ya fita, bai ko yi sallama ba.

A shago ya juye garin a kan jarida, ya kunna fitila, ya maƙala gilashi a ido, ya leƙa cikin gwangwanin yadda yake leƙa murfin agogo. Layukan suna nan, goma sha ɗaya. Na farko yana can kusa da gindi, har ya fara tsatsa. Sauran suna hawa bi da bi, tazararsu kusan ɗaya, sai na shida da na bakwai da suka matso juna. Ya tuna shekarar, ita ce ya yi ta mita cewa gahawa ta canja, ashe matarsa ta ji shi ta ja baya. Na ƙarshe yana sama, bai fi faɗin yatsu biyu ya rage zuwa baki ba. Shekara da shekaru abin yana kan kanta a kicin ɗinsa, an rubuta shi da irin rubutun da ya fi kowa iya karantawa.

Ya ji haushi, ya ji kunya, kuma kunyar ta fi yawa. Ya tuna sau nawa ya ba da labarin likita matarsa tana zaune tana ji, tana tsintar shinkafa. Tela ya leƙo ya tambaya ko yanzu har gwangwanaye ake kawowa gyara, sannan ya koma kan kekensa.

Sai can ya lura cewa tun ɗazu yake riƙe da gwangwanin a ƙarƙashin gilashi, yana bin layi siriri da ido, kuma layin bai motsa ba ko sau ɗaya. Ya ajiye. Ya wanke hannu ya goge. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da kwalin ashana da agogon malamar. Aikin ya ɗauki minti goma sha takwas, ya duba. Da ya saki hantsakin, ɗan ƙaramin agogon ya fara bugawa. Ya kara shi a kunne, ya ajiye shi kusa da nasa, ya zauna yana kallonsu har la'asar. Ba su saɓa ba. Ya yi zanensa a murfin baya ya rufe.

Ya mayar da garin cikin takarda, ya tafi gida da gwangwanin a hannu, tsinken ƙarfensa a aljihun riga. Auta tana ninke kaya a falo, ta dubi fuskarsa ta dubi hannunsa, tana jiran makulli. Ya ce mata gobe da safe za ta ga shagon a buɗe, ya wuce ɗaki.

Matar tana jingine da matasan kai, fuskarta wajen taga. Ya jawo kujera ya zauna a gefen hagunta, ya buɗe gwangwanin ya karkata mata shi ta ga ciki. Ta dubi layukan, ta dube shi. Gefen bakinta da yake motsi ya ɗan ɗaga.

"Sha'ir," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya kina ba ni sha'ir."

Ba ta kawar da ido ba. Ya miƙa hannunsa na dama a gabanta, yatsu a ware, ya riƙe shi haka ta gani. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa ɗinki kafin ta karɓa daga tela. Sannan ta ɗaga hannun hagunta da ƙyar, ta zura yatsa cikin gwangwanin, ta wuce layi na goma sha ɗaya, ta tsaya ɗan sama da shi. Ta buga wurin sau biyu. Sai ya tuna na bana ba a ja ba.

Ya buɗe baki zai ce bai yi daidai ba, ya rufe. Ya ciro tsinken daga aljihu, ya ce ta riƙe yatsan a nan kada ta motsa. Ya ja layi na goma sha biyu a inda ta nuna, ya fito a miƙe.